Mutumin Larwik

Tun da muka fito daga wurin likita Inna ba ta ce uffan ba. Ni ma na ja bakina na tsuke, don abin da ke cikina ba na gaban direban tasi ba ne. Likitan ya faɗa mana da Larabci, ya maimaita da Turanci, ya kuma kwatanta da hannu yadda ko kurma zai gane. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama ne ya rage, shi ma in ba a yi masa aiki kafin likitan ya tafi hutun bazara ba, sai dai haƙuri. Inna ta saurara tsaf, sannan ta ce in gaya masa a bari sai wani makon, wannan bai yi mata ba. Wancan makon cewa ta yi ta yi mummunan mafarki. Na gabansa kuwa mura ce, murar da ba wanda ya ji ko atishawarta.

A 1982 ne. Maigidana Mainasara yana aiki a ofishin jakadancinmu na Alƙahira, muna zaune a unguwar Mohandessin, hawa na huɗu. Mu muka ɗauko Inna daga garin Mani saboda idon nan, ta zo da murnarta, har tana cewa a yanka a huta. Na san abin da ya canja ta. Mainasara ya sani. Ina jin har mai gadin gidanmu ya sani. Ita kaɗai ce ba a isa a faɗa a gabanta ba.

Yaya Sada ne. Shi ne ɗan farinta, kuma Inna irin matan nan ne da suka riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. Ana yaye shi aka miƙa wa kakarmu ta wajen uba, a can ya girma. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ba ta tambayarsa, ba ta zama inda ake zancensa, in ya shigo gaishe ta sai ta amsa wa bango. Shi ma da ya tashi rama wa kura aniyarta, sai ya laƙaba mata Innar su Sabuwa, wato ni, kamar shi tsintarsa aka yi. Ya yi makarantar koyon sana'a a Kaduna, ya kama aikin jirgin ruwa a Legas, jirgi ya miƙa shi ga jirgi har ya tsinci kansa a can ƙarshen Birtaniya, yana kula da injin wani jirgi mai kai kaya rijiyoyin mai na tsakiyar teku.

Da can yakan bugo mana waya duk farkon wata, in tarhon gidan ya ga damar aiki. Bugunsa na ƙarshe Inna ba ta daɗe da isowa ba. Tana zaune kusa da ni tana tsince shinkafa da lalube. Tana jin na ce "Yaya", ta ɗauki farantinta ta yi kicin.

"Tana nan?" in ji shi.

"Tana nan."

"Ta san ni ne a kan layi?"

Na dubi ƙofar kicin, na kasa yi masa ƙarya.

"To madalla. A gaida Mainasara."

Daga ranar ɗif. Wata ya kama, ya mutu, wani ya kama. Mainasara ya je ya buga waya gidan da Yaya yake haya, matar gidan ta ce jirginsu na teku, ya bar saƙo. Saƙo ya shiga rijiya. Ya dawo ya tsaya a tsakiyar falo yana gaya mini da ƙarfi, don a ji a ɗaki, cewa mutanen can sun ce kowa lafiya. Inna ta fito ta tambaye ni ko na kwashe shanya.

Amma fa labarin zuciya a tambayi fuska. Matar da a gida in ta zauna kan tabarma sai sallah ke tayar da ita, ta koma ba ta iya zama. Daga baranda zuwa kicin, daga kicin zuwa baranda, hannu na bin bango. Ta ninke kayan da na riga na ninke. Ta wanke tukunyar da na wanke. Tarhon gidanmu kuwa ya fi kowa rashin imani, ya yi kwana da kwanaki a mace, ran da ya farfaɗo sai ka ji wani yana neman shagon mai gyaran firji. Duk ƙarar da zai yi, Inna na sandarewa a inda take da abin da ke hannunta, sai ta ji na ce "namba ba daidai ba", sannan ta ci gaba da tafiya. Kullum sai ta goge shi da gefen zanenta, wai ƙura. Ba abin da ya kai tarhon nan tsabta a Mohandessin.

Haushinsu nake ji su biyun. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: ita ta kafe, shi ya kafe, ni da ban ci nanin ba nanin ta ci ni. Tausayinta kuma ya hana ni sakat, don na gane abin da take tsoro. Ba wuƙar likita ba ce. Tsoro take a sa ta barci ba ta san ko ɗanta na bisa ruwa ko yana ƙarƙashinsa ba.

Ran nan muna gyaran ganyen miya, sai ta ce, kamar wadda zance ya faɗo mata a hanya:

"Wai garin nan da Turawa ke haƙar mai a ruwa, ya sunansa?"

Na ɗago na dube ta. Idonta na kan ganye.

"Wane gari, Inna? Garuruwan mai ai da yawa."

"Ke kin fiye iya shege. Na can wajen sanyi."

Na faɗa mata yadda na iya. Ta sa na sake. Ta gwada, ya ƙi zama a bakinta, ta yi tsaki ta ce Turawa ba su iya raɗa suna ba. Da la'asar ta sake tambaya. Washegari ta ce gabas yake ko yamma. Daga nan fa ƙofa ta buɗe. Suna da kasuwa? Me suke ci? Akwai masallaci? Ruwan nasu yana da kada? Duk tambayar da ba za ta yi a kan mutum ba, ta juye ta a kan gari. Ni kuwa ban san komai ba banda sanyi, sai na hau sama na kira Marta.

Marta matar abokin aikin Mainasara ce, 'yar Kafanchan, ta yi karatun jinya a Aberdeen kafin ta yi aure. Ba ta da nuƙu-nuƙu, abin da ke ranta shi ke bakinta. Ta sauko da littafin taswirar 'ya'yanta a hammata, ta zauna gefen Inna a teburin cin abinci.

"Mama, a rubuce Lerwick ne. Ki ce Ler."

"Lar."

"Wik."

"Wiki."

"Cire wutsiyar. Ler-wik. Su 'yan garin ma haɗiye tsakiyar suke yi, sai ki ji kamar Lerik. Amma ke riƙe na farkon, kowa zai gane."

"Larwik," in ji Inna, a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya.

"Tamam, daidai ke nan. Kin fi Sabuwa iyawa."

Marta ta ce tashar jiragen ruwa ce, ita ce babban garin wasu tsibirai da ake kira Shetland, arewa da ƙasar Scotland. Ta taɓa zuwa sau ɗaya da wata ƙawarta, jirgi ya kwashe su daga Aberdeen da yamma, sai da gari ya waye suka isa, ta amayar da har abin da ta ci a makarantar firamare. Gidajen dutse ne masu ruwan toka, kifi ko'ina, tumaki sun fi mutane yawa. Iska ba ta barin itace ya tsaya. Da bazara rana ba ta cika faɗuwa ba, sai ta ɗan leƙa ƙasa ta dawo. Sunan ma, an gaya mata, da yaren mutanen da can yana nufin gaɓar ruwa mai taɓo.

"Mutum ya bar ƙasa busasshiya ya tafi taɓo," in ji Inna. Ba ta ce wane mutum ba.

Marta ta buɗe littafin. Inna ta kai fuskarta har tana shafar takarda, ba ta ga komai ba sai launi. Sai Marta ta kama ɗan yatsanta ta ɗora a Masar, ta ja shi ta tsallake teku, ta bi ta ƙasashen Turawa, ta juya shafi, ta hau da shi Birtaniya tun daga ƙasa har sama. A kusurwar shafin akwai wani ɗan zane mai kusurwa huɗu da ɗige-ɗige a ciki. Inna ta hango layin.

"Wannan fa? Me ya sa aka kulle su a akwati?"

"Ba kulle su aka yi ba, Mama. Ba nan ne ainihin wurinsu ba. Takardar ce ta ƙare, sai aka sauko da su aka ajiye a gefe."

"To ina ne wurin nasu?"

Marta ta sake jan yatsan, ya wuce bakin shafin, ya wuce bangon littafin, ta ajiye shi a kan katakon tebur.

"Nan."

Inna ta daɗe da yatsanta a wurin. Na yi nadamar kiran Marta, don na ga abin da na yi nufin ya kwantar da hankali ya ƙara tayar da shi. Marta kuwa ba ta tsaya nan ba.

"Mama, in faɗi gaskiya? Sada kike tunani. Ki ce a nemo miki shi a waya, ki je a gyara idonki. Ciwon idon nan naki, glokoma, ba ya jiran kowa."

Inna ta janye hannunta, ta miƙe, ta ce ta ji kamar wani abu na ƙonewa a kicin. Ko ashana ba a ƙyasta ba ranar.

Bayan wannan ta ƙara rikicewa. Abinci sai ta tsakura. Nakan jiyo ta a baranda tana maimaita sunan garin ƙasa-ƙasa tsakanin jan carbi, don kada ya kuɓuce mata. Asibiti suka aiko cewa likita na gab da tafiya, in muna so mu faɗi rana, in ba ma so akwai masu jira. Mainasara ya ce shi dai suruki ne, bakinsa bai kai nan ba. Ya tuna mini cewa matar gidan hayar ta ce jirgin zai dawo a wannan tsakanin. Na kwana ina juya abin, da safe na yafa gyalena na tsaya a ƙofar ɗakinta.

"Inna, kasuwar Ataba za ni in duba yadi. Daga nan zan biya Santaral in buga waya Larwik, in ji yadda sanyinsu yake. Ko za ki raka ni?"

"Ni me zan yi a Ataba?"

Na shiga neman jakata. Da na fito na tarar da ita a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa, ta yafa mayafinta na zuwa biki.

Wanda bai nemi layin ƙasar waje a Alƙahira a shekarun nan ba bai san haƙuri ba. Santaral babban ɗaki ne mai bencina, fanka na juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ka ba da namba a kanta, ka koma ka zauna, sai ranar da Allah ya nufa a kira sunan garin da kake nema da lambar ɗan akurkin da za ka shiga, wanda suke ce wa kabina. Yadi ko kallonsa ba mu yi ba. Muka kutsa cikin cunkoso, ina riƙe da hannunta, har muka kai gaban ma'aikacin. Ya dubi takardar da na miƙa, ya juya ta.

"London?"

Na ce a'a.

"Manshista? Fen di, ya madam? Ina ne wannan?"

Hayaniya ta yi yawa, na baya na turo ni, Larabcin nawa ya watse. Ina laluben kalma sai na ji murya ta gefen kafaɗata.

"Larwik."

Inna ce. Ta faɗa da ƙarfi, ta sake faɗa, ta ɗaga hannu sama tana nuna masa can ƙurya. Mutumin ya yi dariya ya ce, "Hadir, ya hajja," wato an gama, ya jawo wani ƙaton littafi ya shiga bin layi da yatsa. Ya samo. Ya ce mu zauna.

Zama dai ni na yi shi. Inna ta zauna, ta tashi, ta ce bencin na da ƙusa. Ta je bakin ƙofa ta dawo. Duk garin da aka kira sai ta damƙi hannuna: Kuwait, Jidda, Bagadaza, Jidda kuma. Aka yi azahar, muka yi sallah a lungu bi da bi don kada a kira ba kowa. Na sayo mata ruwan rake ta riƙe har ya yi ɗumi. Na koma kanta, mutumin ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, layin Ingila a cushe yake. Na sake komawa, ya ce ma'alish bai ko ɗago ba. Wata tsohuwa Bamisriya da ke jiran ɗanta na Iraƙi ta tambayi Inna da hannu wa take nema, Inna ta nuna ni, wai ni ce mai wayar.

La'asar ta gota sannan muka ji an ƙwala wani abu mai kama da sunan, aka ce kabina ta bakwai. Kafin in miƙe Inna ta riga ni.

Kabinar mutum ɗaya take ci. Na shiga, ita ta tsaya a waje ta juya baya tana kallon fanka. Wata mata ta ɗauka, ta zubo Turancin da ban tsinci ko ɗaya ba, ni dai ina ta cewa Sada, Sada. Na ji an ajiye kan tarho, na ji takun matakala, layin na shuu kamar ana ruwa. Ga shi an gaya mana minti uku ne.

"Halo?"

"Yaya, ba ka da kirki."

"Sabuwa? Lafiya?"

"Ina lafiya? Idon Inna zai tafi. An ce a yi aiki ta ƙi, kuma ka san dalili."

"Ita ta ce ki kira ni?"

"Ga ta nan tsaye tun safe."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba." Ya ja numfashi. "Sabuwa, nan in jirgi ya dawo, tsofaffi ke tsayawa a bakin ruwa cikin iska suna jiran 'ya'yansu, ƙarti masu gemu. Ni na kusa arba'in ban taɓa jin ta tambayi ko na ci abinci ba. Na gaji da gaida bango."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tura ƙofa, na kamo hannun Inna, na jawo ta ciki na fita, na manna mata kan tarhon a kunne. Ta so ta ture, na riƙe hannunta a kai har ta kama. Na bar ƙofar a ɗan buɗe na tokare da ƙafa.

Ta tsaya ƙiƙam da shi a kunne. Ina kallon agogon bango, ina kallon ƙeyarta. Na ce a raina shi ke nan, mun yi asarar yini, za ta tsaya haka har a yanke, ido kuma ya bi.

"Sabuwa," in ji ta.

Na matso zan amsa, sai na ga ba ni take kallo ba. Bakinta na cikin tarho, fuskarta na bango.

"Sabuwa, ki tambaye shi. An ce garin nan babu itace. Da me suke jin ɗumi?"

Na ji 'yar murya siririya na fita daga kan tarhon. Ban ji abin da ya ce ba, amma na tsinci kalmar farko. Sunana ne. Shi ma da ni yake magana.

"To," in ji Inna. "To. Ki ce masa ya riƙa rufe ƙirjinsa, tun yana jariri sanyi ke kama shi a nan." Ta saurara. "Ki ce masa ido ɗaya ya rage. Za a gyara. Wanda ke so a gan shi ya san hanya."

Muryar ta yi magana mai tsawo. Inna ta dafa bango da ɗaya hannun. Ma'aikacin ya ɗago mini yatsa daga kanta, alamar lokaci ya kusa.

"Sabuwa, saura ɗaya. Ki gaya masa, ranar da kakarsa ta goya shi ta fita da shi, an ce masa ina ɗaki ina barci." Ta gyara riƙon tarhon. "Ba barci nake ba."

Ban san ko ya amsa ba. Na dai ga ta ci gaba da riƙe tarhon bayan layin ya mutu, sai da wani mai jiran kabinar ya ƙwanƙwasa gilashi. Ta laluba ta mayar da shi mazauninsa, ta gyara mayafi, ta fito. Ni ce ke kuka, a tsakiyar Santaral, mutane na ratsa ni. Ita fuskarta a bushe, ta miƙo mini hannu.

Sai da muka fito titi, cikin ihun masu talla da hon ɗin motoci, na iya magana.

"Inna, me ya ce?"

"Da ke ya yi magana. Ni za ki tambaya?"

Na tsayar da tasi, na buɗe mata ƙofa. Ta sa ƙafa ɗaya ta tsaya.

"Likitan nan yana tashi daga aiki da wuri ne? In bai tashi ba mu biya, ki ce masa ko gobe."